Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Kaduna: A Gyara wa Iyalan Ikara, Maƙarfi da Kudan Bakin Ruwansu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ka ɗauka tun ranar 29 ga Mayu, 2023, na rubuto ne a kan wata buƙata da ba kasafai ake kawo ta gaban gwamna ba, domin ba ta da masu yi mata zanga-zanga, ba ta kuma cikin alƙawuran da ake yi a filin kamfe. Buƙatar ita ce iyalan Ikara da Maƙarfi da Kudan su sami wurin da magidanci zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, su yini a bakin ruwa cikin aminci da mutunci, su koma gida lafiya kafin magariba. Ruwan yana nan, gwamnatocin baya sun riga sun zuba kuɗi sun tare shi. Jama'a ma suna nan, kuma suna zuwa bakinsa ko an kira su ko ba a kira su ba. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma shi nake roƙon gwamnatinka ta samar, ta hanyar da ba za ta ci kuɗi mai yawa ba, ba kuma za ta mutu da ƙarewar wa'adin mulki ba.

Wanda yake ratsa yankin nan a mota kan titin Zariya zuwa Kano, ya wuce Tashar Yari ba tare da ya ratse ba, zai ɗauka ƙasar masara da dawa ce kawai. Amma kaɗan ne daga sassan Arewa suke da tarin ruwan da ya kewaye waɗannan ƙananan hukumomi uku. A Kubau, maƙwabciyar Ikara wadda suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai, akwai madatsar Galma da gwamnatin tarayya ta gina, wadda ita ce jigon aikin ruwan Zariya mai tashar tace lita miliyan 150 a kullum, aikin da aka tsara ya kai ruwa har Maƙarfi da Kudan. A kan wannan kogi dai akwai tsohon dam ɗin Zariya. A Ikara akwai dam ɗin Gimbawa, a Samaru akwai dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello a kan rafin Kubanni, idan an yi kudu kuma akwai Kangimi a Igabi. Da zarar an tsallaka iyakar Kano sai ga Tiga, wadda aka kammala a 1974, ga Bagauda, ga Challawa a Ƙaraye wadda aka gama a 1992. A tsakanin waɗannan manyan ruwaye kuma akwai ƙananan madatsu da tafkuna da fadamun da suke raya raken Maƙarfi, da tumatirin Ikara, da inabin da sunan Kudan ya fita a kansa a 'yan shekarun nan. Duk an gina su ne domin sha da noman rani, kuma haka ya dace. Sai dai ba a taɓa zama an tsara yadda iyalin da ke zaune kusa da su za su amfana da su ta fuskar hutu da ilimi ba.

Dalilin da ya sa na ce maganar ta isa a kawo ta gabanka shi ne halin da magidancin yankin nan yake ciki ranar Sallah da sauran ranakun hutu. Idan an sauko idi, an ci tuwon Sallah, yara sun karɓi barka da Sallah, ina za a kai su? Mai hali yakan ɗauki iyalinsa zuwa Zariya kallon hawa, ko Gidan Zoo a Kano, ko lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna, wanda jama'a suka fi sani da Gamji. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya mayar da irin wannan tafiya abin da manomi ko malamin firamare mai 'ya'ya shida zai daɗe yana lissafi kafin ya yi, gandun dajin Yankari kuwa sai dai labari. Sakamakon haka iyali yakan rabu gida uku a ranar da ya kamata ya haɗu. Tsofaffi da matan aure suna gida, samari sun hau babura sun yi gudun da yake kai wasu asibiti, ƙananan yara kuma sun yi ayari sun nufi rafi ko dam ba babba ko ɗaya a tare da su. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu Kirista na ƙauyukan yankin a lokacin Kirsimeti da Ista, haka kuma yake a watannin bazara lokacin da zafi yake korar yara zuwa ruwa. Don haka masu cewa kada a jawo jama'a bakin dam sun makara, jama'a suna can tuntuni. Dam ɗin da ba shi da mai gadi, ba alamar zurfi, ba wanda ya iya ceto, daidai yake da rijiya marar murfi a tsakar gidan da ke cike da yara. Zaɓin da ke gaban gwamnati shi ne ko ta tsara wannan zuwa, ko ta bar shi yadda yake tana karɓar labarin nitsewa kowace shekara.

Shi ya sa aikin farko ya zama na kare rai, kafin a dasa fure ko ɗaya. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, ɗauke da mutanen da yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne da suka taso daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. Ba yawon shaƙatawa suka fita ba, hanya ce suke bi, amma abubuwan da suka haɗu suka jawo wannan rashi su ne dai suke jiran duk wanda ya hau kwalekwale a madatsunmu: lodi fiye da ƙima, rashin rigar kariya, da rashin masu ceto a kusa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana da ƙa'idar sanya rigar kariya da hana tafiyar dare, amma ƙa'idar da ba mai tsayawa a kanta a bakin gaɓa ba ta ceton kowa. Abin da ake buƙata a kowane wurin da za a buɗe shi ne mashiga ɗaya tak, kowane jirgi an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, rigunan kariya na manya da na yara, igiyar da ke nuna inda zurfi ya fara, da masu ceto da ake biya albashi. Waɗannan masu ceto ba sai an nemo su daga nesa ba. Masunta suna nan da Sarkin Ruwansu, sun san inda ƙasa take zaftarewa da inda iska take juya jirgi. A horar da su taimakon gaggawa, a ba su kaki da alawus, a mayar da sanin da suka gada aikin hukuma.

Haɗari na biyu ba ya zuwa da ihu, shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa da ke son ruwa marar gudu, irin na gefen dam da magudanan noman rani, tana shiga ta fatar mai wanka ko mai wanki, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da ke rage jini, ta dakushe karatu, ta kuma lalata mafitsara idan ta daɗe. Maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada, amma yaron da aka ba magani yau idan ya koma ruwan nan gobe zai sake ɗauka. Saboda haka wurin iyali da nake magana ba wurin iyo a cikin dam ba ne. Yara su sami ɗan kwarmin wasan ruwa marar zurfi da ake cikawa daga rijiyar burtsatse ana kuma tsaftace shi, ruwan dam kuma ya zama na kallo da na hawa jirgi. Ga makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ɗalibanta za su iya yin aikin koyon sana'arsu a nan, suna gwajin yara suna wayar da kan iyaye. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga masana a Samaru, duk a cikin jiharka suke, kuma auna ruwa aikinsu ne.

Tambaya ta gaba ita ce wa za a gina wa wurin, kuma a nan maƙwabtanmu na Kano sun bar mana darasin da ba sai mun biya kuɗinsa ba. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi hangen nesan da har yau ake cin moriyarsa. A zamaninsa aka gina Tiga da Bagauda, aka kafa otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma buɗe Gidan Zoo a cikin birni. A Tiga ma an gina otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Yau otal ɗin Bagauda ya zama harabar makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, na Tiga kuma ya sha shekaru a yashe, amma Gidan Zoo duk Sallah sai ya cika maƙil. Bambancin a bayyane yake. Otal yana jiran baƙo mai kuɗi daga nesa, wanda yakan daina zuwa da zarar tattalin arziki ya girgiza ko labarin tsaro ya ɓaci. Gidan Zoo kuwa talaka yake jira, mai ɗan kuɗin shiga, mai neman inuwa da abin da zai nuna wa 'ya'yansa, kuma irin wannan baƙo ba ya yankewa. Mutanen Ikara ma sun san abin da ke faruwa da babban aikin da ba a tanadi yadda zai riƙe kansa ba, domin kamfanin sarrafa tumatir da aka kafa musu tun 1981 ya shafe shekaru masu yawa a rufe alhali tumatir yana ruɓewa a gonaki. Ina roƙon kada a kawo wa gwamna zanen katafaren wurin shaƙatawa na biliyoyin naira a ce shi ne amsar wannan wasiƙa.

Abin da iyalin ƙauye yake buƙata kaɗan ne, amma kowanne idan babu shi uwargida ba za ta zo ba. Na farko inuwa: maɗaci, tsamiya, ɗorawa, darbejiya da mangwaro, itatuwan da suka saba da ƙasarmu, kuma saiwarsu tana riƙe gaɓa ta rage yashin da ke cike madatsu. Sai rumfuna masu tazara da juna inda kowane gida zai shimfiɗa tabarmarsa ba tare da wani ya zauna a kansa ba. Sai banɗaki mai ruwa, na mata daban na maza daban, da mai share shi kullum. Sai wurin alwala da masallaci, da ruwan sha, da fitilu masu aiki da hasken rana. Sai lilo da filin wasan yara da aka kewaye, nesa da gaɓa, da hanya mai laushi wadda tsohuwa mai sanda ko mai keken guragu zai iya bi. Sai layin rumfunan saye da sayarwa da za a ba mutanen garin, mata a gaba: mai soya tarwaɗa da karfasa, mai fura da nono, mai waina, mai rake da mazarƙwaila, mai inabi a lokacinsa. Kuɗin shiga ya zama wanda mai gida zai iya biya wa mutum goma bai ji a jikinsa ba, ƙananan yara da tsofaffi su shiga kyauta. A buɗe da hantsi, a rufe kafin faɗuwar rana. Babu wurin kwana, domin wurin kwana shi ne yake jawo tsada da zargi a lokaci guda.

Idan aka yi haka, bakin ruwan zai zama tsakiyar wani zagaye da ya fi shi faɗi. Akwai yara da yawa a Kaduna da Zariya da suke shan rake ba su taɓa ganin yadda ake matse shi a dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila ba, suna ganin inabi a kan tire suna zaton daga ƙasar waje kawai yake zuwa. Manoman Maƙarfi da na Kudan da suka yarda za a iya yi musu rajista su riƙa karɓar ɗalibai da iyalai a gonakinsu, su sayar da amfaninsu kai tsaye ba dillali. A bakin ruwa malamin kimiyya zai nuna wa ajinsa belbela da zalɓe da kirinjijiya, ya bayyana musu yadda ruwan da suke gani yake bi ta bututu ya isa famfo, da dalilin da ya sa sare itatuwan gaɓa yake rage ran dam. Daga nan Zariya ba nisa, da ganuwarta da ƙofofinta, da dutsen Kufena, da masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ma'aikatar ilimi za ta iya sa irin wannan fita ta yini ɗaya cikin tsarin kowace makarantar gwamnati sau ɗaya a shekara, wanda hakan zai ba wurin baƙi a ranakun da ba na biki ba. Argungu ta nuna abin da ruwa da al'adar masunta za su iya yi wa gari, tun daga bikin kamun kifi na 1934 har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ba a ce Galma ta zama Argungu ba, amma gasar tuƙin kwalekwale da baje kolin amfanin rani sau ɗaya a shekara ba su fi ƙarfin ƙananan hukumomi uku ba.

Ranka ya daɗe, na san za a ce maka ana fama da tsadar abinci, da azuzuwan da ba rufi, da asibitocin da ba magani, wa yake ta shaƙatawa? Wannan magana tana da nauyi, kuma da a ce abin da nake nema zai ɗauke kuɗin aji ko na asibiti da ban rubuto ba. Amma a duba jerin abubuwan da na lissafa: burtsatse, banɗaki, itatuwa, fitila, rigar kariya, gwajin tsargiya, rumfar kasuwa. Kowannensu aiki ne da ya riga ya shiga hurumin ma'aikatun ruwa, muhalli, lafiya da kasuwanci, kuma ƙauyen da ke bakin dam yana buƙatarsa ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Abin da ake nema shi ne a tattara su wuri ɗaya domin su haifar da sana'a. Matashin da ke tuƙa jirgi da lasisi, da matar da ke soya kifi, da mai acaɓa da mai A Daidaita Sahu da ke jigilar iyalai, duk abinci suke nema. Ban da haka, hutu ba kayan masu kuɗi ba ne. Manomin da ya yi damina yana huɗa, ya yi rani yana ban-ruwa, da matar da ba ta fita sai biki ko asibiti, suna da haƙƙin yini ɗaya na sararawa tare da 'ya'yansu, kuma gidan da ake samun irin wannan yini ya fi zama lafiya.

Za a kuma ce ruwan sha ne, taron jama'a zai gurɓata shi. Gaskiya ne idan aka bar wurin ba tsari, kuma hakan yake faruwa yanzu, inda ake wankin babur da buhun taki a gaɓa, ana bahaya a bayan kowace ciyawa, ana noma har bakin ruwa da maganin feshi. Wuri mai shinge, mai banɗaki da aka gina nesa da gaɓa, mai kwandon shara da ma'aikaci, ya fi wannan tsafta nesa ba kusa ba. Injiniyoyi su zaɓi gefen da ya yi nisa da inda ake zuƙar ruwa da jikin madatsar kanta, a hana jirage masu zubar da mai, a taƙaita ga na tuƙi da filafili. Inda masana suka ce ƙaramin dam ba zai ɗauki taro ba, a bar shi, a nemi wani. Kasancewar ma'aikata a wurin kullum wata riba ce, domin su ne za su fara ganin tsagewa ko zaizaya. Ɓallewar Bagauda a 1988 da ta Alau a Maiduguri a watan Satumban 2024 sun isa tunatarwa cewa madatsar da ba a sa mata ido barazana ce ga duk wanda ke ƙasa da ita.

Damuwar malamai da iyaye ita ce tarbiyya, kuma ita ce za ta yanke hukuncin ko wurin zai rayu. An ga wuraren da aka buɗe da sunan iyali suka koma dandalin shaye-shaye da gala, har mutumin kirki ya daina bi ta ƙofarsu. Maganin wannan yana cikin tsarin tun ranar farko: ba giya, ba ƙwaya, ba kiɗan da ke hana maƙwabci jin maganar ɗansa, ba shiga bayan magariba, kuma a ware wasu ranaku na mata da yara zalla da mata ma'aikata. A sa limamai da fastoci da shugabannin mata a kwamitin wurin, domin wanda aka yi shawara da shi yakan zama mai tsaron abin. Addini bai hana nishaɗi na halal ba, kuma uban da ke zaune a inuwa yana kallon 'ya'yansa suna lilo ya fi sanin halin da suke ciki fiye da wanda ya sallame su da safe bai san inda suka nufa ba. Batun tsaro ma haka yake. Yankin nan bai sha irin wahalar da Birnin Gwari da Giwa suka sha ba, amma harin da aka kai masallaci a Saya-Saya ta Ikara a 2023 ya nuna ba a yin sakaci. Don haka a fara da wurin da ke kusa da gari da hanya mai kyau, a sa 'yan sanda da 'yan sintiri na jiha, a tabbatar akwai sabis ɗin waya, kuma hukumomin tsaro su sami ikon rufe wurin duk ranar da suka ga alama. Wurin da jama'a da hukuma suke kai-komo a kullum ya fi wuyar zama maɓoyar ɓata-gari fiye da kangon da kowa ya guje wa.

Akwai waɗanda ba za su rubuto maka ba amma su abin zai fara shafa: masu lambu a gaɓa, masunta, da makiyayan da ke shayar da dabbobi. Yawancin ƙauyukan da ke kewaye da madatsu sun riga sun ba da gonaki lokacin da aka tare ruwa, bai kamata a sake karɓe musu wani abu da sunan shaƙatawar wasu ba. Filin da ake buƙata kaɗan ne, a auna shi a gaban mai unguwa da dagaci da hakimi, wanda aka taɓa gonarsa a biya shi kafin a kafa turke, a kuma ba shi fifiko wajen rabon rumfa. Mashayar shanu da burtalin da ke kai wa gare ta a bar su a buɗe, a yi musu alama. Masunta su ci gaba da jefa tarunsu, a raba lokaci da gefe tsakaninsu da jiragen baƙi. Kada a ba wani ɗan kwangila wurin ya zagaye ruwa da katanga ya hana 'yan gari, domin ranar da mutanen ƙauye suka ji an mayar da su baƙi a bakin ruwansu, ranar wurin ya fara mutuwa.

Saura batun mallaka da riƙo. Wasu madatsun na gwamnatin tarayya ne ta hannun hukumomin raya koguna, wasu na hukumar ruwa ta jiha, Tiga da Challawa kuma suna Kano. Wannan ne ya sa wasiƙar ta zo gare ka maimakon shugabannin ƙananan hukumomi, domin gwamna ne yake da bakin da zai zauna da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya a rubuta yarjejeniya, shi ne kuma zai iya magana da takwaransa na Kano a kan hanya da tsaron iyaka. Riƙon yau da kullum kuwa a bar shi a ƙasa. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara musu nauyin yi wa jama'arsu abin da za a gani, kuma wannan yana cikin irinsa. A kafa kwamiti da wakilin ƙaramar hukuma, da na Masarautar Zazzau, da Sarkin Ruwa, da malamai, da mata, da matasa. Kuɗin ƙofa ya zauna a asusun wurin domin albashi da gyara, a liƙa lissafin shiga da fita a bakin ƙofa duk wata inda kowa zai karanta. A kafa wannan da doka ta Majalisar Jiha, yadda sauyin gwamnati ba zai rushe shi ba.

A taƙaice, ranka ya daɗe, abubuwa uku nake roƙo. Na ɗaya, ka umarci ma'aikatun da abin ya shafa su zagaya madatsu da tafkunan Ikara, Maƙarfi, Kudan da Kubau tare da masana da masu sarauta, su kawo maka rahoton wanda ya dace da wanda bai dace ba. Na biyu, tun kafin a gina komai, a kai rigunan kariya da alamun zurfi da masu ceto duk inda yara suke taruwa, musamman a makon Sallah da watannin zafi. Na uku, a zaɓi wuri ɗaya a yi gwaji na shekara guda, a ƙirga masu zuwa da kuɗin da ya shigo da sana'o'in da suka tsaya, idan ya yi kyau a faɗaɗa, idan ya gaza a faɗi dalili a fili. Mutanen wannan yanki sun ba da gonakinsu an tara ruwa, suna noma abin da jihar take ci, sun kuma cancanci a tuna da iyalansu a cikin tsarin gwamnati. Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare yaranmu, Ya zaunar da Jihar Kaduna lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Mai kishin yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan.